Matan Romney Nawa Ne?

A 2012, lokacin zaɓen Amurka, muna zaune a fada da dare ana dafa shayi, rediyo na ba da labarin Obama da abokin karawarsa Mitt Romney. Sai wani yayanmu ya ce: "Ai wannan ɗan Mormon ne, masu tara mata ba iyaka." Muka kwashe da dariya, ni ma na ɗauka na yi ta baza wa mutane. Sai bana, da na zauna karatun tarihin Amurka, na gano matar Romney ɗaya ce tak, tun 1969 da ya aure ta. To ina maganar nan ta samo tushe har ta iso fadarmu?

Joseph Smith ne ya kafa cocin Mormon a jihar Niyok a 1830. Mabiyansa kan zauna wuri guda, su kuma jefa ƙuri'a baki ɗaya, abin da ya tsorata maƙwabta. A 1838 gwamnan Misuri, Lilburn Boggs, ya ba da umarni a kore su ko a gama da su. A 1844 Smith ya tsaya takarar shugaban ƙasa. A shekarar ce wata jarida a garin Nauvoo ta fallasa cewa yana auren mata da yawa a ɓoye, shi kuwa ya sa aka farfasa injinta na ɗab'i. Aka kama shi, gungun mutane suka kashe shi cikin kurkuku. Kun ga ke nan, rigimarsu da jarida tun fil azal ce, kuma ba gefe ɗaya ne ke da laifi ba.

Bayan sun yi ƙaura zuwa Yuta a 1847, jaridu suka mai da auren mata da yawa tambarinsu. A 1879 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haramcinsa, har ta ce kafin ƴan Mormon kusan mutanen Asiya da Afirka kaɗai aka sani da wannan ɗabi'a. Da na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi. Ashe da mu aka auna su don a nuna ba su waye ba, ga ni kuma ina taya dariya!

A 1890 cocin ya sanar da daina irin wannan aure, a 1896 Yuta ta zama jiha. Amma da aka zaɓi Reed Smoot sanata a 1903, majalisar dattawa ta yi ta bincikensa daga 1904 zuwa 1907, jaridu na ta zuga, alhali matarsa ɗaya ce. Gaskiya binciken ya tono cewa wasu manyan cocin ba su daina ba, dole cocin ya sake tsaurara doka a 1904. Smoot ya tsira da kujerarsa, ya riƙe ta har 1933.

Fiye da shekara ɗari bayan haka, tambayar ba ta mutu ba. A 2007 sai da Romney ya yi dogon jawabi a Tekzas yana kare imaninsa. A 2011 wani fasto, Robert Jeffress, ya ce addinin nasu ba Kiristanci ba ne. Amma Harry Reid, jagoran masu rinjaye a majalisar dattawa daga 2007 zuwa 2015, shi ma ɗan Mormon ne, kuma ba a cika damunsa da wannan ba. Sai mai neman babbar kujera ake tono wa tsohon tambari.

Ƴan uwa ɗalibai, abin da na koya ke nan: tambarin da jarida ta manna wa jama'a yakan daɗe fiye da abin da ya jawo shi. Mu nan mun san zafin wannan, duk lokacin da aka taƙaita ƙasarmu ga fari da yunwa. In na koma fada hutun nan, zan faɗa wa yayan nan namu cewa matar ɗaya ce. Ni ma ina da waɗanda zan bi in gyara wa magana.