Yadda Kirsimeti Ta Zama Ranar Komawa Gida a Fadan Kaje

Tun kafin a ji sunan Kirsimeti a ƙasar Bajju, ƙarshen shekara lokacin sakin jiki ne. Ruwa ya ɗauke, an yanke acha tun tuni, dawa ta shiga rumbu, hunturu ya sauko daga wajen duwatsun Kagoro yana busa ƙura. A irin wannan lokaci ne kakanninmu ke fita farauta, su aurar da 'ya'ya, su dafa burkutu, su yi hidimar dodo, wanda mata da yara ba su da ikon gani sai dai su ji muryarsa da dare su shige ɗaki. Wanda yake so ya gane abin da ya sa Kirsimeti ta kama ƙasa da ƙarfi a Fadan Kaje da Zonkwa da Madakiya da sauran garuruwan Bajju, 'ya'yan Baranzan, sai ya fara daga nan. Bikin ya zo ya tarar da rumbu cike da hannu a sake, ya sauka daidai kan lokacin da mutane suka saba taruwa.

Bishara kuwa ba ta iso da sauƙi ba. A 1893 wasu samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Ikko da niyyar shiga cikin ƙasa, yankin da a lokacin ake kira Sudan. Kafin ƙarshen 1894 biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ne ya rage, kuma mishan ɗin da ya kafa, SIM, sai a 1910 ta samu zama a Kwoi cikin Jaba, sannan a ƙarshen shekarun 1920 ta buɗe tasha a Kagoro. A daidai wannan tsakani wani abu ya faru da ya sauya yankin baki ɗaya: a 1927 hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta ratso ta Kafanchan zuwa Kaduna, wani reshe ya hau Jos. Kafanchan ta tashi daga ƙaramin wuri ta zama mahaɗa, ta cika da ma'aikatan reluwe, Ibo da Yarbawa da sauran mutanen kudu, 'yan Katolika da Angalikan da Baftis. Mutanen ƙauye da ke kai itace da hatsi kasuwar tasha, a nan da yawansu suka fara ganin mutum ya sa fararen kaya ranar 25 ga Disamba, ya dafa shinkafa, yana waƙa a kan haihuwar wani yaro a Baitalami.

Sai dai ba Turawa ne suka kai Kirsimeti ƙauyukanmu ba, kuma wannan gaskiya ce da ya kamata a riƙa faɗa. Masu bishara 'yan ƙasa ne suka kai ta, samarin da suka yi karatun Littafi a Kagoro suka dawo da allo da alli da ɗan littafin waƙoƙi. Mai bishara yakan noma gonarsa da safe, ya koyar da karatu da yamma, ranar Lahadi ya buga guntun ƙarfen reluwe da aka rataye a bishiya, wanda shi ne ƙararrawa. Majami'ar farko ɗakin jinka ne, kujerunta tudun ƙasa ko gungumen itace. Masu bi na farko sun sha wuya. Saurayin da ya ƙi shiga hidimar dodo ana iya hana shi mata, a raba shi da gonar gado, dattawa su daina cin abinci da shi. Don haka Kirsimetin shekarun 1930 ba ta da wani armashi a ido: mutum goma ko ashirin, fitilar aci-balbal, karatu daga Bisharar Luka, addu'a, sai a ci abin da aka samu. Amma waɗanda suka zauna a wannan ɗaki sun san abin da suka saya da abin da suka biya.

A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba wa shekaru masu yawa tare da wasu. Wannan ne ya sa Hausa ta zama harshen majami'a a wurin mutanen da a gida Jju suke yi, ko Tyap, ko Hyam. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta haddace labarin makiyaya da mala'iku da komin dabbobi da Hausa, ta haddace waƙoƙin Littafin Waƙoƙi har da lambobinsu. Har yau in limami ya kira lamba, za ka ga tsofaffi sun fara rerawa kafin matasa su gama buɗe shafi.

Ɗarikun ba su yi Kirsimeti iri ɗaya ba, kuma tsofaffi suna tuna bambancin sarai. Mutanen SIM sun tsananta: ba giya, ba taba, ba rawar gargajiya, mai mata biyu ba ya samun baftisma. 'Yan fada, wato Katolika, waɗanda limaman SMA suka kafa musu makarantu da majami'u, sun fi sassauci a kan burkutu, kuma su ne masu babbar sujada ta tsakar dare. Mutane kan tako daga ƙauyuka masu nisa cikin sanyi, riƙe da fitilun ƙwai, su tsaya a bayan fada yana addu'a da Latin, harshen da ba wanda ke ji, har sai da babban taron Vatican na 1962 zuwa 1965 ya buɗe ƙofa ga harsunan mutane. A gida ɗaya kana iya samun wa ɗan SIM, ƙane ɗan Katolika, uba kuma yana nan kan al'adar kakanni. Da safe kowa ya nufi inda ya nufa, da rana kuma a haɗu a kan akushi ɗaya.

Babban juyi ya zo a shekarun 1950. A 1954, a Kagoro, majami'un SIM suka haɗu suka zama ECWA, jagoranci ya fara komawa hannun 'yan ƙasa. Makarantun mishan suka yawaita, hidimar dodo ta yi ta ja da baya, ƙauyuka suka riƙa shiga addinin Kirista gida-gida. Amma in za a yi adalci, waɗanda suka mayar da Kirsimeti tamu su ne matan zumunta. Su ne suka ɗauko tulu daga bayan ɗaki suka mai da shi abin kiɗa, ana bugun bakinsa da tafin hannu ko da ɗan matashi yana ba da murya mai zurfi, ga caki, ga ƙaramar ganga. Suka ɗora labarin Maryamu da Yusufu a kan karin waƙoƙin niƙa da na noma, mace ɗaya ta bayar, sauran su amsa. Turawan da suka yi ɗari-ɗari da ganga a farko suka ga abin ya fi ƙarfinsu. Wanda ya taɓa ganin matan zumunta sun shigo majami'a a jere ranar Kirsimeti, da ankon atamfa da ɗankwali iri ɗaya, suna takawa a hankali, kowace da damin dawa ko ƙwaryar acha a ka za ta kai baiko gaban bagadi, ya san cewa addinin nan ya daina zama baƙo. Da aka fara aikin Sabon Rai Don Kowa a farkon shekarun 1960, wanda shi ma daga Kagoro tunaninsa ya taso, sai maza da samari suka samu nasu rukunin waƙa, suna zaga ƙauyuka da ganguna.

A wannan zamani ne kuma Kirsimeti ta zama ranar komawa gida. 'Ya'yan yankin sun watsu neman aiki: wasu haƙar kuza a Jos da Bukuru, wasu reluwe, wasu masaƙun Kakuri a Kaduna, da yawa kuma soja da ɗan sanda da koyarwa da aikin jinya. Duk inda mutum yake, Disamba sai gida. Jirgi ya sauke shi a Kafanchan ko Zonkwa, yara su ruga su karɓi akwatin ƙarfe, a ciki akwai gishiri da sabulu da sukari da turmin atamfar Mama da bargon Baba. Tela kuwa tun watan Nuwamba ba ya barci. Yaro yakan yi ta zarya shagon tela yana leƙen ko an yanka yadinsa, kuma sau da yawa ana idar da ɗinkin ne a daren jajibere, a sa riga da safe da sauran zare a jikinta. Takalmi a saya da ɗan girma don ya kai baɗi. Waɗannan kaya su ne na zuwa majami'a har wata Kirsimetin.

Ranar kanta tun asuba take farawa. Masu waƙa sun kwana suna bi gida-gida, su tsaya a ƙofa su rera, mai gida ya fito da bargo a kafaɗa ya ba da sisi ko sule. Hayaƙi ya tashi a kowane gida. Shinkafa a lokacin abincin shekara ce, domin tuwon dawa da gwaten acha su ne na kullum, don haka yaro kan ƙirga kwanaki saboda ita. An yi watanda tun jiya, unguwa ta haɗa kuɗi an yanka sa ko alade an kasa, mai akuya ya yanka akuya. Bayan sujada da wasan kwaikwayon haihuwar Yesu Almasihu, inda yaran makarantar Lahadi ke yafa zannuwan iyayensu su zama makiyaya, sai rabon abinci. Nan ne zuciyar bikin take. Kwanuka su yi ta fita, wasu su yi ta shigowa, har uwar gida ta rasa gane wace miya ce tata. Gwauruwa da maraya da tsohon da ba ya iya fita, su ake fara kai wa. Maƙwabta Musulmi, Hausawan kasuwa da Fulanin ruga, suna da nasu kason, kuma saboda su ne gidaje da yawa kan kira Musulmi ya yanka akuya ko kaza, a dafa a tukunya dabam. Su ma ranar Sallah kwanonsu na zuwa. Da yamma a fita fili a yi rawa har ƙura ta rufe sama, mako guda ana shagali, sannan ranar 1 ga Janairu a ɗunguma zuwa Kagoro kallon bikin Afan a fadar Sarkin Kagoro, Gwamna Awan.

Kuɗin Udoji na 1975, wato ƙarin albashin ma'aikata, ya ƙara wa bikin ado. Ma'aikata suka dawo da babura da rediyo mai kaset, kwanon rufi ya maye jinka, lemon kwalba ya zauna kusa da kunu. Daɗin bai daɗe ba. Daga 1986 tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, jiragen ƙasa suka yi ta raguwa har tashar Kafanchan ta yi tsit, masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi talauci ciwo shi ne abin da ya sami zaman tare. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da na bayan zaɓen 2011 wanda ya yi mummunar ɓarna a Zonkwa da Kafanchan, kowanne ya bar gawawwaki a ɓangarorin biyu, Kirista da Musulmi, ya raba unguwanni, ya tsayar da kwanukan da ke kai da kawowa. A 2012 yankin ya yi Kirsimeti cikin makoki, domin Gwamna Patrick Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu ranar 15 ga Disamba. A jajiberen Kirsimetin 2016 aka kai hari Goska, kusa da Kafanchan, alhali dokar hana fita tana aiki. Tun daga irin waɗannan shekaru dare ya fita daga hannunmu. Majami'u da yawa sun dawo da sujadar tsakar dare zuwa yamma, masu waƙar gida-gida sun ragu, samari na kwana gadi a maimakon rera waƙa. In ka ji tsoho yana cewa Kirsimetin da ta fi daɗi, kada ka ɗauka shinkafa yake nufi, domin yau ya fi cin shinkafa. Yana nufin lokacin da zai aiki jikarsa da kwano zuwa ruga da magariba ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Duk da haka bangaskiyar waɗannan tsofaffi ba ta girgiza ba, kuma a ganinmu ita ce dukiyar da ta fi kowace daraja a wannan tarihi. Sun ga an ƙone majami'a sun sake ginawa, sun binne 'ya'ya sun dawo sun rera waƙar haihuwar Mai Ceto. Sun ga an kafa masarautar Bajju a 1995, shekarar da Katolika ta samu dayosis a Kafanchan, sun kuma ga cutar da ta cinye citta a 2023 ta bar gidaje da yawa ba kuɗin yanka ko kaza. A kowane hali amsarsu ɗaya ce, sai godiya ga Ubangiji. Abin da ke damunsu a yau ya fi kusa da gida. 'Ya'ya na Abuja da Ikko, sun turo kuɗi ta waya, sun kira na minti biyu. Sujada a wurare da dama ta koma Turanci, da jita da lasifika mai ƙara, tsohuwar da ta haddace littafin waƙoƙi tana zaune a baya ba ta ji ba ta amsawa. Wasu ma ƙafa ta hana su zuwa, kuma ba wanda ya tuna ya ɗauko su.

Wannan kam yana hannunmu, ba sai mun jira gwamnati ba. Wanda yake da halin zuwa gida bana, ya je, ya kai yaransa su durƙusa su gai da Kaka. Fastoci da fadoci su ware wa Hausa da Jju wuri a sujadar Kirsimeti, su kira tsofaffin lambobin nan, su bar matan zumunta su shigo da tulunsu. Masu babur da mota su bi gidaje su ɗauko waɗanda ba sa iya takawa, mawaƙa kuma su je ƙofar marasa lafiya ko da rana ce. Matasa su zauna da dattawan da suka ga majami'ar jinka, su ɗauki muryarsu a waya tun suna da rai. Kuma duk gidan da ya rage da maƙwabci Musulmi, a zuba masa nasa kason a aiki yaro ya kai.