Yadda ake tsara hawa-hawan allon lantarki na PCB

Allon PCB shi ne faifan nan, galibi kore, da ake dasa ƙananan sassan lantarki a kansa a cikin wayar salula, kwamfuta, rediyo da talabijin. Injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, Paul Eisler, ya fara amfani da shi cikin wata rediyo a Ingila a shekarar 1936. A ido, allon kamar falle ɗaya ne, amma akasarin na zamani hawa-hawa ne da aka manne da zafi da matsi. Tsara yadda hawan za su jeru shi ne matakin farko, kafin a zana ko da hanya ɗaya.

Kayan da ake jerawa

Abubuwa uku ake jerawa. Na farko jan ƙarfe, wanda ake sassaƙa hanyoyin wuta a jikinsa. Kaurinsa da aka fi amfani da shi maikiromita 35 ne, wato abin da masana'antu ke kira oza ɗaya. Na biyu shi ne ƙashin allon, busasshen faifai na zaren gilashi da ƙaro, wanda aka fi sani da FR-4. Na uku firifireg, wato ƙyallen zaren gilashi da ƙaronsa bai gama daskarewa ba, wanda yake narkewa a cikin matsi ya haɗe hawan. Kaurin allo na yau da kullum milimita 1.6 ne.

Rabon aiki tsakanin hawa

A allo mai hawa 4, tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne: hawan sama na sigina, na biyu na giraun, na uku na rarraba wuta, na ƙarshe kuma na sigina. Hawan giraun shimfiɗar jan ƙarfe ce kusan ba yanka, kuma ta nan wuta ke komawa inda ta fito.

Nan ne ginshiƙin aikin. Sigina mai sauri ba ya tafiya shi kaɗai. Wutar da ke dawowa tana bin shimfiɗar da ke dab da shi, daidai ƙarƙashin hanyarsa. Idan aka tsaga shimfiɗar, dole wutar ta yi zagaye, zagayen kuma ya zama tamkar eriya mai watsa hayaniya ga sauran sassa da na'urorin da ke kusa. Shi ya sa ƙa'idar ita ce kowane hawan sigina ya yi maƙwabtaka da shimfiɗa cikakkiya. Idan hanyoyi suka yi yawa, sai a ƙara zuwa hawa 6 ko 8, manyan kwamfutocin adana bayanai kuwa sukan wuce hawa 20.

Turjiyar hanya

Faɗin hanya, kaurin jan ƙarfe, tazararta da shimfiɗar giraun da kuma irin faifan da ke tsakani su ne ke ƙayyade turjiyarta, wadda ake aunawa da om. Yawancin hanyoyi guda-guda om 50 ake nema, tagwayen hanyoyin USB om 90, na HDMI kuma om 100. Idan lissafin ya kauce, wani ɓangare na siginar yakan dawo da baya kamar amsa-kuwwa, bayanai su gurɓace. Saboda haka mai zane yakan nemi jadawalin kaurin kayan masana'antar da za ta buga allon tun kafin ya fara.

Daidaito da kuɗi

Ana so rabin sama na allon ya yi daidai da rabin ƙasa a kauri da yawan jan ƙarfe. Dalili kuwa shi ne a tandar liƙa sassa zafi yakan kai wajen digiri 245 zuwa 260 a ma'aunin Salshiyos, kuma allon da ba a daidaita ba yakan lanƙwashe, liƙin ya ɓalle. Wannan na cikin dalilan da suka sa adadin hawa yake zuwa bibbiyu.

Ana sada hawan da juna ta ƙananan ramuka masu rufin jan ƙarfe a ciki. Wasu suna ratsa allon gaba ɗaya, wasu suna tsayawa a tsakiya, wasu kuma a binne suke tsakanin hawan ciki. Nau'i biyu na ƙarshe suna rage cunkoso, amma suna ƙara matakan aiki da tsada. Ƙungiyar IPC ta tanadi ƙa'idojin zane na gama-gari a kundinta mai lamba IPC-2221.

Masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano da Computer Village ta Ikeja suna cin karo da tasirin wannan tsari kullum. Hanyar da ta katse a saman allo ana iya haɗa ta da siririyar waya, amma wadda ta tsinke a hawan ciki sakamakon faɗuwa ko zafin da ya wuce kima ba ta ganuwa, kuma sau da yawa mafita ita ce sauya allon baki ɗaya.