Minutemen: mawaƙa uku da mota ɗaya

1/
Jama'a, in an ce mawaƙi ya fita yawon wasa, tunaninmu jirgi ne da otal da 'yan rakiya. To yau zan ba ku labarin wasu da tsohuwar mota ce otal ɗinsu, ita ce kuma ofis. Ku biyo ni a hankali. 🧵

2/
Sunansu Minutemen, daga San Pedro, unguwar tashar jiragen ruwa a Los Angeles ta Amurka. Sun kafu a 1980. D. Boon na kan jita da waƙa, Mike Watt na kan jita mai kaurin sauti, George Hurley na kan ganguna. 'Ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne. Boon da Watt tun suna shekara 13 suke tare.

3/
Manyan kamfanonin waƙa ba su san da zamansu ba, manyan gidajen rediyo ma haka. Ƙaramin kamfanin SST na Greg Ginn, ɗan ƙungiyar Black Flag, shi ke fitar da faifansu. To ta ina za a san su? Sai dai su bi gari-gari da kansu.

4/
Tsarinsu suna kiransa "econo", wato tsimi da tattali, sunan da ya yi daidai da irin motar da suke shiga, Ford Econoline. Su ne direbobi, su ne 'yan dako. In an tashi wasa, su loda kaya, su kwana a ƙasa a gidan wani masoyi, gari na wayewa a kama hanya.

5/
Haka abin yake a situdiyo. Tsakar dare suke shiga lokacin da farashi ya sauka, kan tef ɗin da wani ya riga ya yi amfani da shi. Kundinsu na 1984, Double Nickels on the Dime, waƙa sama da 40 ne, amma dala 1,100 ya ci.

6/
A lissafin Watt, komai kashi biyu ne: wasa a gaban jama'a, sai tallar wasan. Har faifan ma talla ne. Shi kuma Boon yana son a riƙa fara wasa da wuri, don ma'aikaci ya kalla ya samu barci kafin aikin gobe.

7/
Ribar wannan wahala ita ce babu bashin kowa a kansu, balle a ce musu ga abin da za su rera. A ƙarshen 1985 har R.E.M. suka ɗauke su yawon wasa tare. Ƙofa ta fara buɗewa.

8/
Ran 22 ga Disamba 1985, bayan an gama yawon, Boon na kwance a bayan mota da zazzaɓi, babu bel, a hamadar Arizona. Ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya ya karye, motar ta bar titi, ta cilla shi waje. Ya rasu yana da shekara 27. Minutemen ta watse.

9/
Watt ya so ya bar kiɗa gaba ɗaya. Sai wani matashi masoyinsu, Ed Crawford, ya tuƙo mota tun daga Ohio har San Pedro ya matsa masa. A 1986 suka kafa Firehose tare da Hurley, aka sake loda kaya a mota.

10/
Masu jiran wani babba ya gano su kafin su motsa, ga labarin waɗanda ba su jira ba, da daɗinsa da ɗacinsa. In kai ne, za ka shiga motar?