Jinjirin Wata a Sararin Mai Wurno

Wata shekara, ana gobe azumi, wani mai sauraron shirina daga Mai Wurno ta ƙasar Sudan ya turo mini hoton jinjirin wata. Ban ga komai a ciki ba sai dishi-dishi. Ya ce, "Malam, idona ya gani, amma waya ta ƙi ba da shaida."

Kakanninsa da ido suka dogara. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka zauna a gaɓar Nilu kudu da Sinnar wajen 1906. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, noman auduga ya ƙara janyo Hausawa zuwa ƙauyukan Jazira. Azuminsu da Sallarsu duk a kan shaidar adilai suka tsaya.

Ga shi kuwa kyamara ta riga su kama wata. Tun 1840 John Draper ya ɗauki hotonsa a Amurka, bayan ya bar ta a buɗe kusan minti 20. Yau cikakken wata ba ya buƙatar fiye da f/11, ISO 100 da ɗaya bisa 100 na daƙiƙa, domin hasken rana ne ke dukansa. Jinjiri ne mai wuya: sai an kafa kyamara a kan ƙafafunta, da gilashi mai jawo nesa kamar 200mm, a ƙara buɗe idonta, a saita gani da hannu, sannan a yi sauri kafin ya faɗi. A 8 ga Yulin 2013, Bafaranshe Thierry Legault ya ɗauki jinjiri da rana tsaka, daidai lokacin haihuwarsa, abin da idon mutum ba zai taɓa gani ba. Shin wannan gani ne da za a ɗauki azumi da shi? Malamai na nan suna muhawara.

Sai yaƙi ya ɓarke cikin Ramadan na 2023, Wad Madani ta faɗi a Disamba, layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024, gab da wani azumin. Shekarar ban samu hoto daga gare shi ba. Na dai san da magariba ta yi ya fita ya dubi yamma, kamar kakanninsa. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya.