Yadda Tukunyar Masana'anta ta Samu Riga

Wanda ya leƙa masana'antar haɗa magunguna, ko ta fenti, ko ta sarrafa madara, zai ga manyan tukwanen ƙarfe a tsaye, babu murhu a ƙarƙashinsu, amma abin da ke ciki yana dahuwa. Bangonsu biyu ne, na ciki da na waje, a tsakani kuma akwai ɗan sarari da ake tura wa tururi, ko mai mai zafi, ko ruwan sanyi idan hucewa ake so. Bangon wajen nan shi ne rigar tukunya.

Matsalar da ta haifi rigar tsohuwa ce: harshen wuta ba ya raba zafi daidai. Duk mai tuƙa tuwo ta san gindin tukunya yana yin ƙanzo tun sama ba ta gama nuna ba. A ɗakin girki ƙanzo abin marmari ne, a wurin mai haɗa sinadarai kuwa asara ce. Maganin farko da tarihi ya riƙe ana danganta shi ga Maryamu Bayahudiya, wata masaniyar kimiyyar dā a Iskandariyya ta Masar, wadda labarinta ya iso mana ta rubuce-rubucen wani marubuci mai suna Zosimos, wajen shekara ta 300 miladiyya. Dabarar ita ce a saka ƙaramin mazubi cikin babba mai ruwa, a hura wuta ƙarƙashin babban. Ruwa a buɗe ba ya wuce digiri 100, don haka abin da ke cikin ƙaramin ba zai ƙone ba. Har gobe masu girki a Faransa da sunanta suke kiran wannan dabara.

Digiri 100 ɗin da ya zama kariya shi ne kuma ya zama shinge, sai da tururi ya zo aka tsallake shi. A farkon shekarun 1760 Joseph Black ya nuna a Glasgow cewa tururi yana ɗauke da ɓoyayyen zafi wanda yake saki idan ya koma ruwa. Kilo ɗaya na tururi yana sakin kimanin kilojul 2,257, ya ninka fiye da sau biyar abin da ake buƙata a ɗaga kilon ruwa daga sifili zuwa tafasa, kuma yana sakinsa ne ba tare da ma'aunin zafi ya motsa ba. A ƙara masa matsi, ya ƙara zafi. A rage, ya ragu. Wato an samu wutar da ake juyawa da famfo. Abokin Black, James Watt, ya sa wa silindar injinsa rigar tururi a takardar mallakar ƙirƙirarsa ta 1769, don kada ta huce. Masu tace sukari, waɗanda ƙonewa ta fi ci musu tuwo a ƙwarya, suka rungumi tururi: a 1813 Edward Charles Howard na Ingila ya fito da rufaffen kasko da ake zuƙe wa iska, ruwan rake ya tafasa da ƙarancin zafi, tururi ke dumama shi maimakon wuta. A 1884 kuma aka kafa kamfanin Pfaudler a Rochester ta Amurka, wanda ya shahara da shafe cikin tankin ƙarfe da gilashi, da farko domin masu yin giya, daga baya masu sinadaran da ke cin ƙarfe suka gaje shi.

Duk wannan lokaci da gwaji da ido ake aiki. Lissafin ya biyo baya a hankali. Joseph Fourier ya wallafa ka'idar tafiyar zafi cikin abu mai tauri a 1822, Wilhelm Nusselt na Jamus ya tsara ta ruwa mai gudana a 1915. Sai a 1944 wasu masu bincike, Chilton da Drew da Jebens, suka buga sakamakon awon da suka yi a kan tukunya mai riga da farfela a ciki. Abin da ya fito fili shi ne, zafin da ke ratsa bango ya dogara ga faɗin bangon, da tazarar zafi tsakanin riga da ciki, da kuma sauƙin ratsawa. Kuma galibi ba ƙarfen ne ke tare hanya ba. Wani siririn shimfiɗin ruwa ne da ke lafewa a jikin bango ba ya motsi, sai kuma dattin da ke taruwa. Shi ya sa farfela ba don gauraya kawai take ba, tana share wannan shimfiɗi.

Siffar rigar ma ta sauya. Tururi mai matsi yana danne tukunyar ciki daga waje, yana iya lotsa ta, sai an yi bangon da kauri, kaurin kuma yana rage ratsawar zafi. Aka ɓullo da naɗa rabin bututu a jikin tukunya a yi masa walda, da kuma siririyar riga mai lotse-lotse da ake liƙawa wuri-wuri. A 1925 ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin ƙera irin waɗannan mazubai masu matsi.

A ganina babban juyin shi ne lokacin da aikin riga ya koma kwashe zafi. Sinadarai da yawa da kansu suke haifar da zafi idan sun haɗu, zafin kuma ya ƙara musu sauri. Shi ya sa a da, a masana'antar Alfred Nobel ta Ardeer, mai gadin ma'aunin zafin nakiya a kan kujera mai ƙafa ɗaya yake zama, don kada barci ya sace shi. Wajen kwashe zafin nan ne rigar take da rauni. A ninka tsawo da faɗin tukunya sau goma, cikinta ya ninku sau 1,000, bangonta kuwa sau 100 kawai. Abin da ya huce lami lafiya a kwalbar gwaji yana iya gagara a babbar tukunya.

Ranar 19 ga Disamban 2007, a kamfanin T2 Laboratories da ke Jacksonville a jihar Florida, sanyayawar rigar wata tukunya mai cin galan 2,450 ta gaza ana tsakiyar haɗa sinadarin da ake ƙara wa fetur. Babu wata hanyar sanyayawa ta ko-ta-kwana. Tukunyar ta fashe, mutum 4 suka mutu, 32 suka jikkata. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta gano cewa masu kamfanin ba su fahimci haɗarin zafin da ke kubcewa ba, ta kuma nemi a sa wannan darasi cikin manhajar duk mai karatun digirin farko na injiniyan sinadarai.