Jikokin Gindiri

Duk malamin da ke koyar da makafi a Arewa jikan Gindiri ne, ko ya sani ko bai sani ba. A can ƙasar Mangu ta Jihar Filato ta yau ne mishan ɗin SUM suka buɗe makarantar makafi a 1953, ita ce ta farko a Nijeriya. Makarantar Pacelli ta Legas sai a 1962 ta zo. In ka bi salsalar malamanmu, ko dai a Gindiri suka yi karatu, ko wanda ya koya musu ne ya yi. Ni mai gani ne, amma wanda ya fara ɗora yatsuna a kan rubutun makafi makaho ne, kuma bai taɓa yarda in karanta da ido a gabansa ba. Yakan ce wanda bai san wahalar yatsa ba, ba zai yi wa yaro haƙuri ba.

Kafin Gindiri makaho ba jahili ba ne a ƙasar nan, kada wani ya ruɗe mu. A Barno, inda haddar Alƙur'ani ta zama gado, tsangaya ba ta taɓa korar yaro don ba ya gani ba. Yana zama gefen mai allo, yana ji, yana maimaitawa, sau da yawa ma ya riga masu ido saukewa. A Zariya an yi Malam Aliyu Namangi, makaho, wanda ya tsara Waƙoƙin Imfiraji, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Manyan garuruwa suna da Sarkin Makafi da unguwarsu da sana'arsu ta tufkar igiya. Amma duk ilimin nan ta kunne yake shiga, ta baki yake fita. Makaho ba ya iya rubuta wasiƙa shi kaɗai, ba ya iya komawa ya duba abin da ya manta sai ya nemi mai ido. Wanda kuma bai dace da kaifin hadda ba, abin da ya rage masa shi ne ƙoƙon bara da ɗan jagora, shi ma ɗan jagoran an cire shi daga makaranta ke nan.

Abin da Gindiri ta kawo shi ne rubutu. Ɗigo shida ne kacal, waɗanda Louis Braille, wani makaho ɗan Faransa, ya tsara tun yana saurayi a 1824, kuma daga cikinsu ake fitar da alamomi 63. Yaro yakan sa takarda mai kauri a cikin allon ƙarfe ko na roba mai ramuka, ya riƙe tsinke mai kan katako, ya riƙa hudawa daga dama zuwa hagu, kowane harafi a juye. In ya gama ya birkice takardar, ya karanta daga hagu zuwa dama da kan yatsa. Wato ɗan shekara bakwai sai ya riƙe kowane harafi ta fuska biyu a kansa. Watannin farko kuka ne da ciwon yatsa. In ka shiga ajin da ya kama hanya kuwa, ba abin da za ka ji sai ƙwas-ƙwas ɗin tsinke kamar kaji na tsattsagar gero a faranti. Na'urar Perkins, wadda aka fara ƙerawa a Amurka a 1951, ta sauƙaƙa wannan, domin ita ba a juye take rubutu ba, sai dai kuɗin guda ɗaya ya fi albashin malamin firamare na watanni. Shi ya sa har gobe allo da tsinke ne abin dogaronmu, takarda kuma in ta yanke mu koma tsofaffin kalandu.

Daga Gindiri aka samu irin su Bitrus Gani-Ikilama, wanda ƙyanda ta makantar tun yana ƙarami, ya je Ingila ya koyi aikin gashin ƙashi, ya dawo ya yi aiki a asibitin koyarwa na Zariya, ya kuma kafa gidauniyar Hope for the Blind a can. Amma makarantar mishan ce, kuma tana da nisa. Uba Musulmi a Dikwa ko Daura ba ya ɗaukar ɗansa makaho ya miƙa wa baƙi a kan dutsen Filato cikin sauƙi. Yawancin yara ba su je ba.

Wani abin da matasan malamai ba su sani ba shi ne, haɗa makafi da masu gani a aji ɗaya ba baƙon abu ba ne a Arewa. A farkon shekarun 1960, ƙungiyar makafi ta ƙasashe renon Ingila da John Wilson ya kafa a 1950, wadda yau ake kira Sightsavers, ta gwada wani tsari a lardin Katsina. Yaro ya zauna gidan iyayensa, ya je firamaren garinsu, sannan a samu malami ƙwararre da ke zagayawa makaranta-makaranta yana koya masa rubutun makafi, yana juya masa darasi, yana nuna wa malamin aji yadda zai tafi da shi. Dabara ce mai kyau, kuma ta dace da mutanenmu da ba sa son rabuwa da 'ya'yansu. Sai dai duk nauyinta a kan mutum ɗaya yake, wato malamin zagayen nan. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko abin hawansa ya lalace, yaro ya koma ɗan rakiya a aji. Tsarin bai game Arewa ba.

Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa a 1977 da sashe guda kan ilimi na musamman, aka kuma buɗe kwalejin horar da malaman fannin a Oyo a shekarar, sai jihohi suka ɗauki hanyar Gindiri, wato makarantar kwana, maimakon ta Katsina. Kano ta yi Tudun Maliki, aka yi a Kaduna da Katsina da Sakkwato da Bauchi da Jada, mu ma a Maiduguri muka samu tamu. Jami'o'in Jos da Bayero suka buɗe sassan koyar da fannin. A Bayero ne marigayi Farfesa Jibrin Isa Diso, makaho ɗan Kano, ya koyar har ya kai ƙololuwa. Dalilin zaɓin a fili yake: gini ana ganinsa, ana yanka masa ƙyalle, ana kai baƙi su gani. Malamin zagaye kuwa ba wanda zai ɗauki hotonsa.

Na yi aiki a makarantar kwana, na san aibinta fiye da masu sukarta daga nesa. Gurbi kaɗan ne, yara kuma da yawa. A wasu wuraren an tara makafi da kurame a haraba ɗaya don kawai duka "naƙasassu" ne a takardar ofis, alhali wannan da kunne yake koyo, wancan da ido, ko gaisawa ba sa iya yi sai da tafinta. Na ga zangon da kuɗin abinci ya makara har muka sallami yara kafin lokaci. Na ga yaron da ya shekara shida a makaranta, ya koma gida ya zama baƙo, bai san hanyar masallacin unguwarsu ba. 'Ya'ya mata kuwa ba a cika kawo su ba sam, don uwa ba ta yarda 'yarta makauniya ta kwana inda ba ta ganinta, kuma ban ga laifinta ba.

Amma akwai abin da makarantar kwana ke yi wanda ba ya cikin manhaja. Da daddare a ɗakin kwana, babban yaro ne ke koya wa ƙarami yadda zai zuba ruwa a kofi ya gane ya cika ta sauti, yadda zai ninke kuɗi ya bambance ɗari biyu da ɗari biyar, yadda zai riƙe farar sanda yana share gabansa da ita hagu da dama. A nan ne yaro ke fara haɗuwa da babban mutum makaho mai albashi da iyali. Kuma daga nan malamai makafi suke fitowa. In aka rufe ta, an rufe inda ake samar da mutanen da tsarin haɗa makafi da masu gani kansa zai dogara da su.

Maganar rufewar daga waje ta taso. Bayan taron Salamanka na ƙasar Sifen a 1994, duniya ta karkata ga cewa kowane yaro ya yi karatu a makarantar unguwarsu. Wasu jihohin Amurka sun bi abin har ƙarshe. A 2009 majalisar jihar Oregon ta rufe makarantar makafinta da ke Salem, wadda ta haura shekara 130, ta mayar da yaran gundumominsu, ta kafa asusu na musamman don ɗalibai makafi. Har a can iyaye sun yi ta ƙorafi, alhali suna da malaman zagaye da injinan buga littattafai tun kafin a rufe. Mu kuma maganar ta iso mana ta hanyar bita a otal-otal. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce karatunsu kyauta ne har sakandare, kuma kowace makarantar gwamnati ta kasance da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar dominsu. Wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara gine-gine ya cika a Janairun 2024. Doka ce mai kyau. Sai ka shiga aji mai yara fiye da ɗari, malam ya juya baya yana rubutu yana cewa, "Ku duba nan, in aka tara wannan da wannan, me zai ba mu?" Yaro makaho yana zaune a gaba, an rubuta sunansa a rajista, an ƙirga shi cikin waɗanda aka "haɗa", amma bai san mene ne wannan ɗin ba.

Kuɗin fa? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, kuma a tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 2 cikin 100 na wannan ne rabon ilimi na musamman. A raba shi ga jihohi 36 da Abuja, a sake raba shi tsakanin makafi da kurame da guragu da masu larurar ƙwaƙwalwa. Abin da ke isowa yakan tafi a fenti da katanga. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma wasu abokan aikina sun ɗora buri a kai. Ni dai ina jira in ga layi guda a kasafin wata ƙaramar hukuma da aka rubuta albashin malamin makafi da man babur ɗinsa.

Mu a Barno mun ɗanɗani rufe makarantu ba tare da kowa ya yi muhawara ba. A Maris na 2014 rikicin Boko Haram ya sa gwamnati ta rufe makarantun sakandare, da yawa suka zama sansanin 'yan gudun hijira na tsawon lokaci. Yaro mai gani in ya zauna shekara biyu a gida yana iya tsintar karatu a allon talla da takardar magani. Makaho ba ya cin karo da harafi ko ɗaya a hanya, yatsa kuma yana mantuwa. Wasu da suka dawo sai da muka koma da su farko, wasu ba su dawo ba, mun gan su a bakin Kasuwar Litinin da ƙoƙo. Sannan ga ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 da ta shafe sassan Maiduguri da Jere. Littafin boko in ya jiƙe a shanya shi a karanta haka nan. Na makafi in ruwa ya taɓa shi ɗigon ya kwanta, ya zama takardar ƙosai.

Dusuman, inda nake zaune, tana ƙaramar hukumar Jere a kan hanyar Dikwa, kusa da Muna inda dubban 'yan gudun hijira suka yi shekaru. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna Arewa maso Gabas ce kan gaba, da kashi 6.1 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40, a kan 4.2 na ƙasa baki ɗaya. Wannan lissafin manya ne, amma ƙyanda da amosanin ido da rashin abinci mai gina jiki ba su bar yara ba, balle a sansani. Da wata uwa ta tambaye ni inda za ta kai 'yarta, na ce mata, "Baba, firamaren nan ta fi kusa, amma ba mai koya mata rubutu. Ta cikin gari akwai malami, amma kullum sai kin biya Keke Napep zuwa da dawowa, da na wanda zai raka ta." Ta ce, "To Malam, ai ka ba ni amsa." Yarinyar tana zuwa Islamiyya da yamma, haddarta kuma ta wuce ta sa'o'inta.

Abin da nake gani shi ne a bar makarantar jiha a raye, amma a canja mata aiki. Yaro ya zo ya yi shekara biyu ko uku ya ƙware a rubutu da lissafi da sanda, ya koma makarantar unguwarsu. Ita kuma ta zama inda ake buga littattafai, ake gyara na'urori, ake tura malaman zagaye zuwa Dusuman da Zabarmari da Khaddamari, kowane da adadin yaran da zai iya kaiwa gare su a mako. Gindiri da Katsina ke nan a haɗe. Masu cewa wayar hannu ta kashe rubutun makafi su saurari yadda muryar waya ke karanta Hausa da Kanuri da lafazin Turanci, sannan su gaya mini yadda yaro zai koyi ƙa'idar rubutu ko ya warware lissafi da kunne kaɗai. Hukumar JAMB tun 2017 ta ware cibiyoyi na musamman don makafi masu neman shiga jami'a, Kano na cikinsu, har da ɗaukar nauyin masauki. Waɗanda na sani da suka kai wannan matakin daga nan Barno, kusan dukansu 'yan makarantar kwana ne, kuma mafi yawansu maza.