Horon Farfaɗo da Majiyyaci ga Likitoci Masu Neman Ƙwarewa

A asibitocin koyarwa na Nijeriya, idan zuciyar majiyyaci ta tsaya cikin dare, galibi likita mai neman ƙwarewa ne ke fara isa bakin gadon, kafin a kai ga babban likita. Lokacin da yake da shi kaɗan ne, domin ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan jini ya daina isa gare ta. Shi ya sa horon farfaɗowa yake da muhimmanci ga likitocin da ke neman takardar ƙwarewa daga Kwalejin Ƙasa ta Horar da Ƙwararrun Likitoci da ke Ijanikin, Legas, ko daga kwalejojin likitoci na Afirka ta Yamma.

Matakin farko, wanda aka fi sani da CPR, shi ne danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, tare da hura numfashi sau 2 bayan kowane danni 30. Aikin na da gajiyarwa, don haka ake sauya mai dannawa duk bayan minti 2. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ne suka bayyana wannan dabara a 1960. Kafin nan sai an tsaga ƙirji a matsa zuciyar da hannu.

A mataki na gaba likita kan koyi karanta bugun zuciya a na'ura, ya bambance wanda jan lantarki zai iya daidaitawa da wanda ba zai amsa ba. Yakan kuma koyi sanya bututun numfashi, da ba da allurar adiranalin duk minti 3 zuwa 5, da jagorantar ma'aikatan jinya ba tare da ruɗani ba. A kan mutum-mutumi ake yin gwajin.

Inda gizo ke saƙar shi ne mantuwa. Takardar shaidar Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka na aiki shekara 2, amma bincike ya nuna hannu kan fara mantawa cikin 'yan watanni idan ba a maimaitawa. Saboda haka gajeren atisaye a kai a kai cikin ɗakin majiyyata ya fi taron bita na kwana biyu amfani, musamman idan a nan ne likita zai tabbatar na'urar jan lantarkin tana da caji, kuma tukunyar iskar oksijin a cike take.